Ala Gamb, Ya Usta: Shekarata ta Farko a Alƙahira

Kwanana huɗu a Alƙahira mota ta wuce da ni unguwarmu ina ji ina gani. Ga benenmu can, ga kantin maganin da na riƙe a matsayin alama, ga masallacin da na yi sallar Asuba a cikinsa, duk suna gilmawa ta taga ɗaya bayan ɗaya, bakina kuwa ya ƙi buɗuwa. Ba wai ban iya Larabci ba. Na fi shekara goma ina karanta shi, da shi ma na ci jarrabawar da ta kawo ni ƙasar. Jumlar da na shirya a zuci ce ta yi tsawo, ga ladabi ga i'irabi: “Min fadlika ya sayyidi, uridu an anzila huna.” Kafin in gama tabbatar wa kaina cewa fataha ce a ƙarshen “anzila” ba rufu'a ba, mun yi nisa. Daga nan kunya ta kama ni, na ce bari wani ya nemi sauka in bi bayansa. Babu wanda ya nema. Sai da muka kai tashar ƙarshe, kowa ya watse, direba ya waigo ya murza hannu sama, alamar “kai fa?”

Da ƙafa na dawo, ina tambaya ina ɓata, ban iso ba sai gab da Magariba. Yaya, wato babban ɗalibin da ya tarbo ni daga filin jirgi, wanda shekararsa shida a garin, ya yi dariya har da ƙwalla.

“Ƙanena, ai ba a yi wa direban Masar huɗuba. Kalma huɗu ce kacal: ala gamb, ya usta. A gefe, maigida. Kuma ka ɗaga murya kamar kana bin sa bashi.”

Na maimaita. Ya ce bai ji ba. Na sake. Ya girgiza kai ya ce, “Wannan muryar ta gaida surukai ce.”

A watan Satumban 2023 na sauka, da tsakar dare. Tun daga sama garin ya fara ba ni tsoro, don an daɗe ana shawagi a kan fitilu ba su ƙare ba, sai wani baƙin zare da ya ratsa tsakiyarsu, wanda maƙwabcina a kujera ya nuna da yatsa ya ce Nilu ke nan. Mutum sama da miliyan 20 ke kwana a Alƙahira da kewayenta. Su 'yan ƙasar ma ba su cika ce mata Alƙahira ba, “Masr” suke cewa, sunan ƙasar ɗungurungum, kai ka ce duk inda ba nan ba ƙauye ne.

Ɗaliban jami'ar Azhar baƙi irina kashi biyu ne wajen makwanci. Masu rabo suna samun gado a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, unguwa guda da aka gina don ɗaliban ƙasashen waje, da abincinta da komai. Sauranmu haya muke kamawa, akasari a Madinatu Nasr, inda ake kiran unguwanni da lamba: ta shida, ta bakwai, ta takwas, ta goma. Mu a ta goma muke, Hayyul Ashir, hawa na biyar, babu lifta. Mu biyar ne a ɗaki biyu da falo: ni da Yaya, da ɗan Indunusiya, da ɗan Senegal, da wani ɗan Tajikistan mai shiru-shiru. Kuɗin haya ya riga ya yi sama kafin in zo, saboda yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun shekarar ya koro dubun dubatar mutane zuwa Masar, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Shi ya sa duk wanda ya gan ni a titi tambayarsa ɗaya: “Sudani?”

A makon farko na gane Larabcin da na zo da shi na cikin littafi ne, kuma a can zai ci gaba da zama. Mutumin Alƙahira ba ya furta harafin jim, “ga” yake mai da shi, ƙaf kuwa haɗiye shi yake yi gaba ɗaya. Masallaci, jami'i, ya koma “gami”. Zuciya, ƙalbu, ta koma “alb”. Gahawa ta koma “ahwa”, kuma sunan wurin shanta ke nan. Ranar da na je sayen burodi na ce wa mai gashi “uridu khubzan”, sai ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya ɗaga hannu biyu ya ce, “Sadaƙallahul azim!” Duk layin aka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma ta yaƙe ce. A nan “aish” ake ce wa burodi, wato rayuwa, kuma ba da wasa suka raɗa masa sunan ba. A watan Janairun 1977 da gwamnati ta taɓa tallafin abinci, kwana biyu aka yi ana tarzoma har sai da ta janye. Burodin tallafi ya fi shekara 30 a kan ƙirshi 5 (ƙirshi shi ne kobon Masar), kafin a mai da shi 20 a watan Yunin 2024. Mu baƙi ba mu da katin tallafin, na kasuwa muke saye, amma mun sha ƙorafin a kowace mota.

Da kunne na fara sanin unguwar kafin ƙafa. Da hantsi za ka ji ƙarfe na dukan ƙarfe, ƙwal ƙwal ƙwal, mai sayar da gas ne ke bugun tukwanensa da sifana. Can kuma wani ya ratso da amalanke yana jan murya, “Bikyaaa!”, mai sayen tsofaffin kaya ke nan, tun daga mataccen firji har tsohuwar jarida. Abin da ya fi burge ni kwando ne. Matan da ke saman bene ba sa saukowa don tumatir. Igiya suke ɗaura wa kwando su zuro shi ta baranda da kuɗi a ciki, mai kaya ya zuba, su janye abinsu. Mu ma muna da namu, shuɗi, na roba. Duk wanda ya taɓa hawa bene biyar sau uku a yini ya san wanda ya ƙirƙiro wannan dabarar ya cancanci addu'a.

Girki bi da bi ne, an rubuta sunaye an manna a jikin firji. Ni da ban taɓa ɗora tukunya a gidanmu ba, ran da layi ya zo kaina na dafa shinkafa wadda samanta tsakuwa, ƙasanta gawayi. Ba wanda ya ce uffan. Ɗan Tajikistan ya cinye nasa tas, ya wanke kwanonsa. Washegari da yamma ya yafito ni kicin, ya tsoma yatsa a tukunya ya nuna mini inda ruwa ya kamata ya tsaya a kan shinkafa, gaɓa ɗaya, ya juya ya fita. Har yau da wannan gaɓar nake awo. Ranar da kowa ya gaji sai a sauka a ci ful, wato dafaffen wake, da ta'amiyya, ƙosansu, ko koshari, wanda da farko na ɗauka ragowar tukwane aka tattara: shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da suke kira ads, da soyayyiyar albasa, da miyar tumatir mai tsami, duk a kwano guda. Na raina shi ƙwarai. Yanzu in na yi mako ban ci ba sai in ji kamar na yi mantuwa.

Watanni ukun farko ba karatu ne ya cinye su ba, takardu ne. Izinin zama, iƙama, shi ne ciwon kan kowane ɗalibi baƙo. Takarda daga makaranta, hatimi a kanta, hoto, kwafin fasfo, sai wani hatimin da zai gaskata hatimin farko. A wani ofishi da na yi ta zarya, tun kafin Asuba ake zuwa. Wanda ya riga kowa ya yagi takarda ya fara rubuta sunaye, wannan takardar ita ce doka har a buɗe ƙofa, daga nan kuma ƙarfin kafaɗa ne. Sau huɗu ina kaiwa gaban taga ana ce mini “fut alaina bukra”, wato ka biyo gobe. Goben Masar kuwa ba lallai ba ne ta zama wadda ke bin yau. A zuwa na biyar na tarar da ma'aikaciyar tana karyawa. Ta gutsuri rabin burodinta ta miƙo mini ta taga, “Itfaddal, ya ibni,” wato bismillah ɗana, sannan ta ce hotona bai yi ba, sai mai farin baya. Na fito da burodi a hannu, ban san ko fushi zan yi ko godiya ba. Har yau ban warware wannan ƙullin ba game da mutanen garin nan. Wanda zai wahalar da kai shi ne zai rantse sai ka sha shayinsa.

Babu wanda ya gaya mini Masar na da sanyi. Hamada na sani, da rana, da dalolin Fir'auna. A Janairu da dare yakan sauko ƙasa da digiri 10, gidajen kuwa don zafi aka gina su: tayil a ƙasa, taga mai zurara iska, babu abin ɗumama ɗaki. Wani lokaci ciki ya fi waje sanyi. Da safa biyu nake kwana, alwalar Asuba kuma sai na tsaya gaban famfo mun yi shawara da zuciyata.

A watan nan na yi zazzaɓi na kwana uku. Ciwon da sauƙi, shirun ne ya dame ni. Ka saba in ka kwanta ƙofa ba ta hutawa da masu sannu, yanzu kowa ya tafi darasi, daga kai sai gurnanin firji. Duk Juma'a bayan La'asar nake kiran Inna. Agogonmu yana gaban nasu da awa ɗaya, in bazara ta yi Masar ta tura nata gaba ya zama biyu. Ranar na tashi zaune, na gyara murya.

“Ya sanyi?”

“Da sauƙi, Inna.”

“Kana dai cin abinci?”

“Sosai ma.”

“Muryarka fa?”

“Layi ne ba kyau.”

Ta yi jim, sannan ta ce, “To, Allah ya gyara layin. Ka riƙa shan ruwan ɗumi, ko zai washe.”

Akwai abin da ban taɓa gaya mata ba. Yara a titi, wani lokaci har da waɗanda suka wuce a kira su yara, sukan bi ka da “ya samara” ko “shokolata” suna dariya, saboda baƙar fatarka. Wasu za su ce maka wasa ne. Ni dai ban san wasan da kullum mutum ɗaya ake yi wa ba. Ranar da abin ya fi ci mini rai, wani yaro ne ya jefe ni da ɓawon lemo, na dawo na zauna a matakala na kasa hawa. Mai gadin benenmu, wanda a nan ake kira bawwab, dattijo ne baƙi kamar ni, daga wajen Aswan, ga rawani ga jallabiya mai faɗin hannu. Ammu muke ce masa. Bai tambaye ni komai ba. Ya turo mini kujerarsa, ya zuba shayi baƙi ƙirin wanda sukari ya yi wa yawa, ya ce, “Ya ibni, shekarata arba'in a garin nan. A ƙasar nan aka haifi kakan kakana, ni ma suna faɗa mini. Ma'alesh.” Wannan “ma'alesh” tana nufin yi haƙuri, tana nufin ba komai, tana kuma nufin ba yadda za a yi. Ban yarda ba komai ba ne. Amma na shanye shayin.

Inda nake zuwa in huce shi ne tsohon masallacin Azhar a Darrasa. A mikrobas ake tafiya, ƙaramar farar bas ɗin nan da ta wuce da ni, kuma ita ma da nata karatun. Galibi babu kwandasta. Daga baya ake miƙo kuɗin mota hannu zuwa hannu har ya kai ga direba, canji ya dawo ta hanyar da kuɗin ya bi, kuma ban taɓa ganin ƙirshi ya salwanta ba. Masu jira a bakin titi da yatsu suke magana: mai zuwa unguwa ta bakwai zai ɗaga yatsu biyu a ware, siffar bakwai ta Larabci. Tsallaka titi kuwa, dabarar da na koya ita ce in laɓe a gefen wata tsohuwa in bi takunta, don motocin Alƙahira ba tsayawa suke yi ba, kauce maka suke yi.

A shekarar 970 Jauhar, kwamandan Faɗimiyyawa, ya aza harsashin masallacin, aka fara salla a ciki a 972. Sai a 1961 aka ƙara wa jami'ar fannonin zamani irin su likitanci da injiniyanci. Duk da haka tsohon tsarin bai mutu ba. Malami ya zauna kusa da ginshiƙi, ɗalibai su kewaye shi a ƙasa, wanda ya ga dama ya cire takalmi ya sami wuri. Babbar ƙofar sunanta Babul Muzayyinin, Ƙofar Wanzamai, don a nan ake yi wa ɗalibai aski a da. Kana wuce ta, hayaniyar kasuwar Khan Khalili da hon ɗin motoci su yanke kamar an rufe tukunya, sai farin tsakar gida mai sulɓi da sanyin tafin ƙafa.

A nan wani malami ya tambaye ni daga ina nake, da na faɗa masa ya ce, “Ai ku ba baƙi ba ne a nan.” Ya ba ni labarin ruwaƙai. A da kowace al'umma tana da sashenta a jikin masallacin, inda ɗalibanta ke kwana, su ajiye littattafansu, a raba musu burodi. Akwai na mutanen Magrib, na Turkawa, na mutanen Sham, na Jawa, wanda ɗan Indunusiyarmu ya hana mu sakat da shi, akwai kuma na Barnawa. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da kuɗinsu aka gina makarantar Malikiyya a tsohon garin, Fusɗaɗ, inda matafiyansu ke sauka. Sannan ya ambaci Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen malamin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu a 1732 kan murabba'an lambobi, irin waɗanda ta duk inda ka tara jimla ɗaya za ka samu. Ya je Hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Bai koma gida ba.

Na daɗe a zaune bayan an tashi. Ni awa kaɗan na yi a jirgi, ina ƙorafin layin waya. Shi a ƙasa ya zo, cikin ayari, in ya rubuta wasiƙa sai ta jira wani ayarin. Ba zan ce wannan ya rage mini kewa ba, don kewa ba ta san lissafi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wa ya koya masa sayen burodi, kuma ko shi ma an yi masa dariya a layi.

Watan Maris na 2024 ya zo da abubuwa a jere. Ran 6 ga wata babban bankin ƙasar ya saki fam ɗin Masar, dala ɗaya ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a yini guda. Masu samun aike da dala suka yi murmushin kwana biyu, kafin mai gida ya turo saƙo game da haya. Ran 11 aka ɗauki azumi. Bayan nan khamasin ta biyo, iskar hamada mai zafi da ke mai da sama ruwan ɗorawa ta cusa ƙura har cikin haƙora. Ka share ɗaki da safe, da yamma ka rubuta sunanka a kan tebur.

Azumin Alƙahira kuwa gani ya kori ji. Fitilun fanus a ƙofofi, ƙyallaye masu ado a rataye tsakanin benaye, mai ganga yana zagawa kafin sahur yana tada mutane. Gab da Magariba garin da bai san shiru ba sai ya yi tsit, samari su tsaya a tsakiyar titi suna cusa wa direbobi dabino da ruwa ta taga. Ga teburan da suke kira ma'idatur Rahman a jere a bakin hanya, kowa ya zo ya zauna, ba mai tambayar sunanka. A tsakar gidan Azhar dubban ɗalibai baƙi ne ke buɗa baki sahu-sahu. Wata guda cur na manta ni baƙo ne. Ranar Salla ce ta tuna mini. Aka sauko daga Idi, kowa ya shige gidan danginsa, unguwa ta yi fayau, mu biyar muka koma hawa na biyar, kowa ya kama kusurwa da wayarsa. Ɗan Senegal ya fito daga banɗaki ido jajir, ya ce sabulu ne. Ba wanda ya ƙaryata shi. Can Yaya ya miƙe ya ce wallahi ba za mu yini a haka ba. Ya kwashe mu zuwa bakin Nilu, muka shiga jirgin ruwa mai fitilu da kiɗa mai fasa kunne, muka yi ta zagaye tare da iyalan mutane. A cikin jirgin nan na fara jin ɗan Tajikistan ya yi dariya da ƙarfi, wata bakwai da haɗuwarmu.

Yaya ya kammala da bazara ya tafi. Ya bar mini bargonsa, da tukunya, da lambar mai gyaran famfo. Sunana ya koma saman takardar jikin firji.

Wata Juma'a a watan Yuli na makara wajen masu sayar da littattafai na bayan masallaci, lokacin kiran Inna ya riske ni a cikin mikrobas. Na kira ta a haka, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ina karɓar kuɗin mutanen baya ina miƙawa gaba, ina faɗa wa direba nawa zai cire daga nawa. Tana ba ni labarin wanda ya yi aure da wadda ta haihu, sai na hango kantin maganin nan ya taho.

“Ala gamb, ya usta!”

Motar ta ci burki har wata mata ta dafa kujerar gabanta. Direba ya ce, “Hadir, ya basha.” Na sauko. A waya kuwa shiru.

“Inna? Kina ji na?”

“Kai da wa kake faɗa?”

“Ba faɗa ba ne, Inna. Sauka zan yi.”

“Sauka? Kai ɗin da sai an ce ka ɗaga murya ake jin gaisuwarka?”

Na ji tana ƙwala wa ƙanwata kira, wai ta zo ta ji yayanta, sauka zai yi. Sai ga su su biyu a kan wayar, ana ce mini in sake faɗa. Ina tsaye a bakin titi, gaban kantin magani, mutane na wucewa ta ko'ina. Na kare baki da hannu na sake faɗa a hankali.

“A'a,” in ji Inna. “Ba haka ka faɗa ba.”